Amsa Sallama da Bindiga a Hannu

Ranar wata Juma'a aka shiga gidan surukata, da rana tsaka, lokacin da mazan unguwa suka tafi masallaci aka bar mata da ƙananan yara. Ɓarayin sun ji labarin ɗanta yana aiki a ƙasar Larabawa, a wurinsu kuwa duk wadda ke da ɗa a Doha a kan dala take kwana. Ba su sami dala ba. Suka mari tsohuwa, suka fizge 'yan kunnenta na zinariya, kunnenta na hagu ya tsage.

Mu muna unguwar Al Sadd ta Doha a lokacin, a wani bene da ke saman shagon masu wanki da guga. Maigidana injiniya ne a kamfanin gas, ni kuma ina gwajin jini a wani ƙaramin asibiti kusa da gida, muna da 'ya'ya mata biyu. Bayan la'asar ƙaninsa ya bugo waya daga gida. Ina kallonsa yana saurare, cokali a hannu, har shinkafar ta huce. Da ya ajiye wayar sai ya tashi ya shiga zagaya falo, kuma in gaskiya zan faɗa, sai da ya shafe watanni bai daina wannan zagayen ba.

Mutumin da na sani da son barci da zolaya ya koma wani daban. Ya riƙa dawowa daga ofis da hotunan ƙananan bindigogi da ya buga a takarda, ya baje su a teburin cin abinci, ya tura kwanon miyata gefe. Wannan libarba ce, wai ba ta cijewa. Waccan ta fi cin harsashi da yawa. Ga wata 'yar mitsitsiya da za ta ɓace a aljihun kaftani, na ce masa to sai a yi hankali kada a zaro ta a maimakon asuwaki. Ko murmushi bai yi ba.

A Qatar baƙo ba ya riƙe bindiga, wannan ya sani. Shirinsa na gida ne. Kwangilarsa ta kusa ƙarewa, za mu koma mu zauna a sashen da ya gina a cikin gidan Hajiya, kuma ya rantse ba zai kwana a can hannu rabbana ba. Na tuna masa cewa a gida ma takardar ƙaramar bindiga ba a tsintar ta a hanya. Ya ce ƙaninsa ya san wanda ya san wani. Ni dai duk maganar da ta fara da an san wanda ya san wani, ban taɓa ganin ta ƙare lafiya ba.

Na san gidan nan sarai. Ƙofarsa ba ta rufuwa daga asuba zuwa isha. Jikoki, maƙwabta, masu kawo markaɗe, masu zuwa gaishe da Hajiya, kowa shigowa yake har tsakar gida. 'Ya'yana kuwa babu durowar da ba su buɗe ba, babu saman sif ɗin da ba su taka kujera sun leƙa ba. A cikin wannan gidan za a ajiye abin da ke kashe mutum da yatsa ɗaya. Abin ya hana ni sakat, ina aiki ina tunaninsa, ina girki ina tunaninsa.

“Baban yara,” na ce masa wata rana, “kai da kake neman tabarau yana kan goshinka, kai za ka riƙe bindiga?”

“Uwata aka mara,” ya ce.

“Na sani. Ni ma uwata ce.”

“Ba ki sani ba. Ina nan ina shan iskar na'ura, aka tsaga mata kunne.”

Maganar tasa ta ƙara tunzura ni. Ina tsoron ɓarayin, ina tsoron bindigar, ban san wanne ya fi ba. Na yi fushi, na yi kuka, na yi gaba da shi ta kwana biyu, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Daga ƙarshe na kafa masa sharaɗi: in dai sai ya saya, to ya koyi riƙe ta tukuna, a nan Doha, kuma a gaban idona. Wayo na yi, a ganina. Akwai injin motsa jiki da ya taɓa saya da ɗoki, ya hau shi sau biyu, ya zama wurin shanya tawul. Na ɗauka wannan ma haka za ta ƙare.

Ashe ban san mijina ba. Wani abokin aikinsa ya yi masa hanya a wani filin koyon harbi da ke bayan gari ta arewa, inda ake ba mutum aron bindiga ya yi harbi ya mayar kafin ya fita. Duk Asabar da safe mu kai yara wurin maƙwabciya, mu ɗauki hanya cikin rairayi. Ni nakan zauna a benci bayan wani layi mai ruwan ɗorawa da aka ja a ƙasa, an toshe mini kunnuwa, ina kumbure-kumbure.

Malamin harbin wani tsohon soja ne mai furfura, kullum da kanumfari a baki, yana haɗa Larabci da Turanci yadda ya ga dama. Ranar farko ya jera bindigogi a tebur ya ce a zaɓa. Maigidan nawa ya kai hannu kan wata ƙatuwa baƙa, wadda ya fi ƙauna a cikin hotunansa. Da ya riƙe ta sai yatsansa ya kasa kaiwa kunama sai ya murɗa hannu. Ƙaramar nan ta aljihu kuma da ya harba ta sai ta yi tsalle kamar za ta bar masa hannu. A ƙarshe wata matsakaiciya marar kyan gani ce ta zauna masa daidai, wadda ko kallonta bai taɓa yi ba a takarda. Harbinsa na farko da ita ko gefen kwalin da ake auna bai taɓa ba. Na yi dariya har da tafi, ya harare ni.

Malamin ba ya gajiya da maimaita magana. Bakin bindiga gaba yake kallo, kullum. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an yi niyyar harbi. Kowace bindiga da harsashi a cikinta, ko da kai ka cire da hannunka. Duk Asabar sai ya faɗa kafin a fara, har na haddace, har na fara jin haushinsa. Maigidan kuwa yana gyaɗa kai, idonsa na kan kwali.

Kuma ya iya. Wannan ne abin da ban yi lissafinsa ba. Bayan 'yan watanni ramukan harsashinsa suka fara taruwa a tsakiyar kwali. Ya riƙa naɗo kwalayen yana kawowa gida, ya liƙa ɗaya a bayan ƙofar ɗakinmu. Ya daina zagaya falo sosai, ya dawo da cin abinci. Ya kamata in yi murna, amma duk ramin da ya matsa tsakiya sai in ji bindigar ta ƙara matsowa gidan Hajiya. Ni na kafa sharaɗin da bakina, ga shi yana cika shi.

Akwai wani dattijo likita, Bahaushe, wanda ya fi mu duka daɗewa a Doha. Shi ya tarbe mu lokacin da muka zo, a gidansa muke taruwa mu ci abincin Sallah, kowa Baba Likita yake ce masa. Maigidan ya gayyace shi ya zo ya ga yadda hannunsa ya faɗa, ni kuwa na san manufar: in Baba Likita ya yaba, bakina ya mutu.

Ranar Baba Likita ya makara, mun daɗe da farawa. Maigidan ya gama zagaye ɗaya, ya zare gidan harsashi ya ajiye a tebur, ya ture abin toshe kunne daga kunne ɗaya. Bindigar tana hannunsa na dama. Malamin ya sunkuya yana ɗauko kwalin harsashi a ƙarƙashin tebur. Sai ƙofa ta buɗe a bayanmu, Baba Likita ya shigo da babbar muryarsa, hannu a miƙe.

“Salamu alaikum!”

Mijina an yi masa tarbiyya. Tun yana yaro aka koya masa ba a amsa wa babba sallama da ƙeya, ba a kuma miƙa masa hagu. Kafin in ƙifta ido ya juyo gaba ɗaya, fuska cike da fara'a, yana rusunawa. Na ga bakin bindigar ya biyo ta kaina, baƙin rami ƙarami, ya wuce. Ya tsaya a daidai cikin Baba Likita, don maigidan yana ƙoƙarin mayar da ita hannun hagu ya sami dama ta musabaha. Yatsansa yana cikin wurin kunama, da idona na gani.

Malamin ya daka tsawa, ya cafke masa wuyan hannu ya mayar da shi gaba da ƙarfi, ya karɓe bindigar.

“Babu komai a ciki!” in ji maigidan, ransa a ɓace don an kunyata shi gaban babba. “Na cire, ga shi nan a tebur.”

Malamin bai yi musu ba. Ya juya bakinta gaba, ya ja samanta baya. Harsashi ɗaya ya yi tsalle ya fito, ya faɗi a siminti, ya gangaro ya tsallake layin nan ya tsaya a jikin takalmina. Wanda ya riga ya shige cikin bututun bindigar ne, cire gidan harsashi ba ya fitar da shi. An faɗa masa wannan ma, ba sau ɗaya ba.

Baba Likita yana tsaye, hannunsa har yanzu a miƙe, ya manta ya sauke. Can ya yi salati, ya nemi benci ya zauna kusa da ni.

“Ɗana,” ya ce, “da ka amsa da baki ma ai ya wadatar.”

Malamin ya tofar da kanumfarinsa a kwandon shara ya ce, “Khalas. Yau an gama.”

A mota na sauke masa kwandon bala'i. Na ce ya kusa mayar da 'ya'yansa marayu, ya kusa kashe mutumin da ya ciyar da mu, ya ƙare rayuwarsa a kurkukun ƙasar mutane. Ya wuce kwanar gidanmu, ya ratsa gari ya yi kudu, bai tsaya ba sai bakin ruwa a Al Wakrah, inda jiragen masunta ke ɗaure. Muka zauna cikin mota muna kallon masu gyaran taru, rana tana dukan gilashi.

“A gidan Hajiya,” ya ce a hankali, “kowa da sallama yake shigowa.”

Na ji wani sanyi a raina. Na ce a zuci Allah ya kawo ƙarshen magana.

“Shi ya sa dole in koma,” ya ce. “Ban iya ba ashe. Harbi kawai na iya.”

Da zan iya fita in tako da ƙafa zuwa Al Sadd, da na yi.

Ya koma, ya ba malamin haƙuri, ya kuma yi masa bayanin abin da ya juyo da shi. Malamin ya karɓe shi bisa sharaɗin ba zai sake taɓa bindigar gaske ba sai an cire masa wannan juyin daga jiki. Ya ba shi wata ta roba, shuɗiya, ni kuma aka ba ni aiki. In tsaya a bayansa, in bari sai ya shagala, in yi sallama. Shi kuma ya amsa yana kallon gaba, ya fitar da yatsa, ya ajiye abin da ke hannunsa, sannan ya juyo.

Da farko na ji daɗin aikin, don na sami hanyar huce haushi. Nakan kwaikwayi muryar Baba Likita, ko ta tsofaffin matan unguwarsu, in rafka sallama lokacin da bai zata ba. Sai ka ga kafaɗarsa ta fara juyowa da kanta, malamin ya buga tebur ya ce, “Yalla, a sake.” Abin da aka shekara arba'in ana dasawa ba ya fita a Asabar ɗaya. Sai ya kawo horon gida. Ko kofi ne a hannunsa, ko cokali, ko dutsen guga, in na shigo da sallama sai ya amsa ba tare da ya waiwayo ba, ya ajiye, ya juyo. Ƙaramar 'yarmu ta mayar da abin wasa, ta laɓe a bayan labule ta yi ta jera masa sallama tana ƙyalƙyala dariya.

A hankali jikinsa ya karɓa. Ranar da malamin ya mayar masa da bindigar gaske, na yi sallama, ko gashin girarsa bai motsa ba sai da ya zare gidan harsashi, ya ja samanta ya leƙa, ya ajiye ta tana kallon gaba. Malamin ya gyaɗa kai, ya ce masa wannan abu ba a yin rabinsa, mai riƙe bindiga haka zai zauna har abada, ko tana hannunsa ko ba ta nan. Na yarda a ranar cewa yanzu ba zai kashe kowa da kuskure ba. Amma ban ji na yi nasara ba, ban kuma ji na faɗi ba, zuciyata dai ta ƙi kwanciya.

Da sanyi ya shigo kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar, ya sa hannu a takardu, muka kawo Hajiya ta huta, a kuma duba mata kunnen. Maigidan ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba sa doguwar hira. Duk ƙaunar da ke tsakaninsu a gaisuwar safe take fitowa. Tun ina amarya na san yadda ake yi: ta yi sallama, ya watsar da duk abin da yake yi, ya zabura ya durƙusa, ita kuma ta kau da kai tana amsawa kamar ba ta damu ba.

A Al Sadd ma kullum da safe takan fito daga ɗakin yara da carbinta ta yi sallama a ƙofar falo. Shi kuma yawanci yana tsaye wajen tebur yana haɗa shayi, ya ba ƙofa baya. Sai ya amsa yana kallon bango, ya ajiye buta a natse, ya juyo ya durƙusa. Tsaikon bai fi numfashi biyu ba. Ni na saba, ko lura ba na yi.

Wata rana da hantsi ina shafa mata man zafi a gwiwa, shi yana wurin aiki, sai ta ja mayafinta ta ƙara rufe kunnen hagu.

“'Yar nan, in tambaye ki mana.”

“Ina jin ki, Hajiya.”

“Mijin nan naki, kunnen nan ne ba ya son gani?”

Hannuna ya tsaya a kan gwiwarta.

“Tun da na zo, in na yi sallama sai ya daure kafin ya juyo,” ta ce. “Na ga yana shirya fuskarsa tukuna. Ki faɗa masa ya warke, ba ya mini ciwo. In kuma ganinsa ne yake ɓata masa rai, zan riƙa rufewa.”

Na ce mata ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne, amma na kasa faɗa mata yadda yake. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada ta ji kukana.

Da ya dawo na tare shi a kicin ɗin, na faɗa masa kalma da kalma. Ya jingina da firij. Ya ce zai je ya yi mata bayani. Na ce bayanin me, ya je ya ce mata saboda ita ya koyi ba ta baya? Na faɗa da zafi, na kuma yi nadamar zafin, amma ban janye ba.

Ya daɗe yana kallon hannayensa. Ya san abin da malamin ya ce, ni ma na sani. In zai ajiye bindiga a gidan nan, dole wannan tsaikon ya zauna a jikinsa, ga Hajiya da kowa, don ranar da ya sake shi ita ce ranar da harsashi zai gangaro. In kuma zai juyo wa uwarsa yadda ta saba, to hannunsa ba na bindiga ba ne.

Ya zaro waya ya kira ƙaninsa a gabana. Ya ce a bar maganar mutumin nan da ya san wani. A ƙara wa katanga tsawo, a sa ƙofar ƙarfe, a nemi mai gadi wanda ba ya tafiya sallar Juma'a. Ƙanin ya yi ta musu, maigidan ya kashe wayar. Ya shiga ɗaki ya ɓalle kwalin nan daga bayan ƙofa.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Mun koma gida, mun zauna a sashen namu, kuma har yau in masallaci ya ɗauke maza ranar Juma'a nakan kasa zama wuri ɗaya, in yi ta leƙen ƙofa. Shi ma na san akwai ranakun da yake tambayar kansa ko ya yi daidai.

Amma washegarin wayar nan ina falo lokacin da Hajiya ta fito. Ta rufe kunnen ruf da mayafi, ta tsaya a ƙofa ta yi sallama. Yana tsakiyar zuba shayi. Na ga kafaɗarsa ta ƙame, horon ya riƙe shi, sai ya fizge kansa ya juyo da butar a hannu. Shayi ya yi layi a kan kafet ɗin mai benen da muke haya tun daga tebur har gaban ƙafafunta. Ya durƙusa a cikin jiƙar, yana kallon fuskarta.

Hajiya ta kau da kai yadda ta saba. “'Yar nan,” ta ce mini, “kawo tsumma. Mijin nan naki har yanzu bai iya riƙe abu ba.”

Mayafin ya zame daga kunnenta, ba ta gyara ba.